"Ɗaya cikin huɗu" ba rabon gado ba ne

Wani abokina da muka tashi unguwa ɗaya ya auri 'yar kawunsa shekaru tara da suka wuce. Dukansu biyu AS ne, wato suna ɗauke da gadon cutar sikila a jininsu amma su ba su da cutar, kuma sun sani tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, don sun je an ɗebi jininsu. Ɗansu na fari yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ya kwana uku yana tsala ihu ba ya ko kama nono, aka kai shi asibiti aka ce sikila ce. Ranar da na je dubiya na tarar da uban a barandar ɗakin yara, riƙe da ledar magani da fulas ɗin ruwan zafi, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Muka gaisa, na yi masa ya mai jiki. Sai ya ce da ni: "Alhamdu lillahi ala kulli halin. Ai dama likita ya faɗa mana, ɗaya cikin huɗu ne. To ga ɗayan ya zo. Sauran ukun sun tsira."

Ban ce masa komai ba. Wajen dubiya ba wajen gyara wa mutum magana ba ne, kuma in don gaskiya ne, ni ma a lokacin jikina ne kawai ya ba ni cewa akwai gyara a zancen, amma da za a ce in fito da shi fili da na yi ta kame-kame. Ta biyu ta zo AS, lafiya lau, abin ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Na ukun ya zo da sikila.

Abokin nan nawa ya yi karatu har jami'a. Ya je gwaji tun lokacin da ba a tilasta wa kowa, ya saurari likita, ya riƙe lambar da aka gaya masa daidai. Abin da ya kuɓuce masa shi ne ma'anar lambar. Shi ya sa nake ganin duk ƙoƙarin da ake yi na gwajin jini kafin aure rabin aiki ne muddin ba a koya wa mutane yadda ake karanta wannan "ɗaya cikin huɗu" ba. Darasi ne da bai kai wahalar lissafin cinikin mai shago ba, amma mun bar shi a cikin littafin sakandare, yara suna haddace shi don jarrabawa suna mantawa.

Na daɗe ina tunanin inda kuskuren yake fitowa, kuma ina jin na gano bakin zaren. Mu Hausawa mun san ɗaya bisa huɗu sarai, amma a wajen rabo muka san shi. In mace ta rasu ta bar 'ya'ya, mijinta yana da rubu'i. In miji ya rasu bai bar ɗa ba, matarsa tana da rubu'i, in ya bar ɗa ta koma sumuni. In mutum huɗu suka haɗa kuɗi suka yi watanda, kowa zai tafi gida da kashinsa, ba ƙari ba ragi. A duk waɗannan, in an cire kashi ɗaya to ya ciru, saura uku, an wuce wurin. Kunnenmu ya saba da haka tun muna yara. To da likita ya ce "ɗaya cikin huɗu", sai zuciya ta ajiye maganar a wannan ma'ajiyar: ga tulin 'ya'ya huɗu, cuta ta ɗauki kasonta, a sallame ta. Alhali rubu'in likita wani abu ne daban. Kowane ciki sabuwar ƙuri'a ce, kuma ƙuri'ar ba ta tuna abin da ya fito jiya.

Bara da maganar auren ƙanwata ta taso, ita AS, wanda yake nemanta shi ma AS, gidanmu ya rabu biyu. Hajiyarmu tana son yaron, ta san iyayensa, ta ce wane gida ne babu jarrabawa. Da na ga magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai na shiga kicin na ɗauko kwanon sha biyu da wake. Kowane kwano na saka masa ƙwaya biyu, fari ɗaya, ja ɗaya. Na ce wannan kwanon uba ne, wancan uwa. Farin wake A ne, wato ƙwayar gado mai lafiya, ja S ne, wato ta sikila. Kowane ɗa yana karɓar ƙwaya ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma ba wanda yake zaɓa. Na ce da ƙanwata ta rufe ido ta ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Fari da ja. Na ce wannan AS ne, kamar ke. Ta kai hannu za ta sake ɗauka, na ce dakata, mayar da waken tukuna.

"Yaya, don me zan mayar? Ai na riga na ɗauka."

Na ce ai a nan gizo yake saƙar. Uban da ya ba ɗansa S bai rabu da S ɗin ba, yana nan a jininsa, gobe ma zai iya bayarwa. Ta mayar, na girgiza kwanukan, ta sake ɗauka. Muka yi ta yi, ƙaninmu yana rubutawa a bayan wani tsohon kati na ɗaurin aure, kowane ɗauka huɗu gida guda. Akwai gidan da ja biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Akwai wanda suka haɗu sau ɗaya. A gida na shida suka haɗu sau biyu a jere, ƙanwata ta buɗe ido ta kalli tafin hannunta ta ce, "Kuma dai?" Hajiya, wadda tun farko take tsintar shinkafa a faifai kamar ba ta tare da mu, ta ɗago ta ce, "Kai ɗan nan, ka girgiza da kyau kuwa?" Na miƙa mata kwanukan na ce Hajiya ki girgiza da kanki.

Abin da waken yake nunawa ana iya ƙirga shi ba tare da wake ba. Hanyoyin haɗuwa huɗu ne kacal: fari da fari, fari da ja, ja da fari, ja da ja. Guda ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS, wato mai sikila. Daga nan lambar likita ta fito. To amma ba a kan ciki ɗaya ake gina aure ba, kuma abin da ya kamata a gaya wa ma'aurata shi ne lissafin gidan gaba ɗaya. Yiwuwar ɗa ɗaya ya tsira uku ce cikin huɗu. Biyu su tsira duka, uku sau uku cikin huɗu sau huɗu, wato 9 cikin 16. Huɗu su tsira duka, 81 cikin 256, kusan kashi 32 cikin ɗari. Ma'ana, in ka tara gidaje ɗari na AS da AS masu 'ya'ya hurhuɗu, wajen 68 za a samu aƙalla mai sikila ɗaya a cikinsu. Abin da abokina ya ɗauka doka ce, wato ɗaya tak cikin huɗun, a gidaje wajen 42 ne kawai zai faru haka. Wajen 26 kuwa za su samu biyu ko fiye. Gidansa yana cikin waɗannan, kuma ba wani abin mamaki ne ya same shi ba.

Mu kuma ba a huɗu muke tsayawa ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna mace a arewa maso yamma tana haihuwar sama da shida a matsakaici. In 'ya'ya shida ne, yiwuwar duk su tsira ta sauko kusan kashi 18 cikin ɗari. In takwas ne, kashi 10. Likitan da ya tsaya a "ɗaya cikin huɗu" bai yi ƙarya ba, amma ya faɗi lambar da ta fi daɗin ji. Da zai ce wa saurayi da budurwa, "In Allah ya ba ku 'ya'ya shida, a cikin gida biyar irin naku huɗu suna jinyar sikila," da an fita daga ofishinsa da wata fuskar.

Akwai kuma hujjar da ake kawowa daga ɗaya ɓangaren, wadda ita Hajiyarmu ta fi riƙewa: ga su wane can, AS da AS ne, 'ya'yansu biyar, ko ciwon kai ba sa yi. Gaskiya ne, akwai su, kuma lissafin ma bai musa ba. Biyar su tsira duka 243 ne cikin 1024, kusan gida ɗaya cikin huɗu. Don haka kowace unguwa ba za ta rasa irin wannan gidan da za a nuna da yatsa ba. Sauran gidaje ukun ne ba a kawo su misali a zauren neman aure, don su suna asibiti suna neman wanda zai ba da jini, ko kuma sun binne yaran tun suna ƙanana an ce zazzaɓi ne. Ina ma zargin cewa da yawa daga cikin matan da a da ake cewa suna wabi, ana yi wa jariransu tsaga ana sa musu sunaye irin su Ajuji don mutuwa ta ƙyale su, wannan ja da jan ne yake ta haɗuwa ba wanda ya sani.

Ba ƙaramar matsala ba ce a ƙasar nan. Kusan ɗaya cikin kowane 'yan Najeriya huɗu yana ɗauke da S, kuma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne jarirai wajen 150,000 ake haifa da cutar duk shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Dalilin yawan ma sananne ne tun aikin Anthony Allison a gabashin Afirka a 1954: mai AS ya fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka a inda sauro ya yi yawa S ya samu wurin zama. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai SS kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 ta lalace, ga ta da lanƙwashewa kamar lauje tana toshe ƙananan hanyoyin jini, shi ne wannan azabar ciwon ƙashi da ake kwana ana yi. In ɗaya cikin huɗu na maza AS ne, ɗaya cikin huɗu na mata ma haka, to in aka haɗa aure ba tare da dubawa ba, ɗaya cikin goma sha shida zai zama AS da AS. A tuna yawan auren da ake ɗaurawa a masallatan Juma'ar Kano kaɗai bayan sallah ƙarama. Auren zumunci kuma yana ƙara yiwuwar, tunda kaka ɗaya ake ɗebo wake daga kwanonta. 'Yan'uwanmu na zangon Kumasi da Accra suna da ƙarin abin dubawa, domin akwai wani nau'in da ake kira C wanda ya fi yawa a can fiye da nan, kuma S da C in sun haɗu su ma cuta ce.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da gwajin sikila, da na ƙanjamau da ciwon hanta. Ina goyon bayan dokar. Amma doka takarda take nema, kuma kowa ya san yadda takarda take a ƙasar nan. Mutumin da ya yi imani cewa ɗa ɗaya ne kawai zai ɗauka, ko wanda yake ganin su wane ma sun yi sun tsira, zai ɗauki gwajin a matsayin shingen 'yan sanda ne a hanya, abin da ake neman yadda za a zagaye. Wanda ya riƙe waken nan a hannunsa ya ga ja biyu sun fito sau biyu a jere, shi da kansa zai nemi asibitin kirki, har ya maimaita gwajin a wani wurin don ya tabbatar. Sannan har yanzu akwai masu rikita rukunin jini da wannan gwajin, ka ji mutum ya ce ai ni O ne, ba ruwana da sikila, alhali abu biyu ne da ba su haɗa hanya ba.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a gidanmu: wannan ƙirge-ƙirgen shiga hurumin Allah ne, mai rabon ciwo sai ya yi, kuma Allah yana iya ba AS da AS 'ya'ya goma lafiyayyu. Ƙwarai yana iyawa, ba musulmin da zai ja da haka. Amma lissafin bai ce ya san abin da ke cikin mahaifa ba. Hasali ma shi ne yake cewa ba wanda ya sani, kowane ciki gaibu ne sabo. Wanda ya yi iƙirarin sanin gaibu shi ne mai cewa "sauran ukun sun tsira". Kuma muna da abin koyi. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah, har ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su. Manomin da ya ƙi shuka da ruwan farko don ya san sau da yawa yakan ɗauke, ba wanda ya ce ya raina ikon Allah. Cewa ake yi ya san noma.

Wannan makantar ba a sikila kaɗai take cin mu ba. Mutum ya haifi mata huɗu, dangi su ce wannan karon kam namiji ne, kamar ana bin mahaifa bashi. Ta biyar ta zo mace, sai a fara kallon uwar, har a fara zancen ƙarin aure, alhali kowane ciki kusan rabi da rabi ne, kuma abin da yake raba namiji da mace daga wajen uban yake zuwa. Mata biyar a jere abu ne da yake faruwa a gida ɗaya cikin kusan talatin da biyu. Haka samarin da suka ɗauki cacar ƙwallo sana'a. Yaro ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, ko da a ce kowane wasa yana da yiwuwar kashi 70 cikin ɗari ya faɗa yadda ya zaɓa, yiwuwar duka goman su faɗa ba ta kai kashi 3 ba. Yiwuwar tara su ci ɗaya ya ɓata kuwa ta kai kashi 12, ninki huɗu kenan. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne a majalisa, "wallahi wasa ɗaya ne ya yanke ni", yana jin ya kusa, gobe ya koma. Hisbah tana rufe shagunan, amma shagon yanzu yana cikin waya. Haramcin caca an faɗa masa ya ji. Abin da ba a taɓa zaunar da shi aka nuna masa ba shi ne cewa "saura ƙiris" ɗin nan yana cikin ginin wasan tun asali. Turawan da suka ƙirƙiro gidajen cacar ma ba su tsira ba: a Monte Carlo a 1913 ƙwallon faifan caca ya faɗa gidan baƙi sau 26 a jere, mutane suka yi ta zuba dukiya a kan ja suna cewa ai yanzu dole ya juya.

Laifin makaranta a nan babba ne. Darasin yana cikin manhajar lissafi ta babbar sakandare, yana fitowa a jarrabawar WAEC da NECO. Amma da me ake koyar da shi? Da jefa kwabo sama, a ƙasar da yaro ɗan shekara goma sha biyar bai taɓa sayen komai da kwabo ba. Da karta mai ganye 52, wadda in aka gan shi da ita a gida sai ya sha bulala. A can ajin nazarin halittu kuma ana zana masa akwatin nan mai gida huɗu na gadon halitta, ana ba shi labarin Mendel da wakensa, ba wanda ya ce masa wannan da abin da malamin lissafi ya koyar jiya abu ɗaya ne, kuma maganar aurensa ake yi. Yarinyar da aka cire daga makaranta a aji uku na ƙaramar sakandare, wadda ita ce za ta yi goyon da jinyar, ko wannan ɗin ma ba ta samu ba.

Ga shi kuwa ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Malaman da suke raba gado suna sarrafa sudusi da sumuni da sulusi, suna warware mas'alar da ta yi awli, wato jimlar kason magada ta haura dukiyar, abin da yake gagarar ɗalibin jami'a. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi suna ambaton rubutunsa kan yadda ake jera lambobi a hatimi su ba da jimla ɗaya ta kowane ɓangare. Al'ummar da ta fitar da irin waɗannan ba za a ce kwano biyu da wake huɗu sun fi ƙarfinta ba. Da limamin da zai ɗaura aure, da malamar Islamiyyar matan aure, da ma'aikaciyar awon ciki, kowannensu zai iya yin abin da na yi a tsakar gidanmu cikin minti goma, kuma an fi jin maganarsu a kan tawa.

Wani abu da lissafin yake gyarawa, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne tsangwama. Tunda aka fara wayar da kai, wasu sun koma gudun duk mai S kamar annoba, 'yan mata masu SS suna rasa manema. Mayar da waken cikin kwano ka sake gwadawa: in kwano ɗaya fari biyu ne, wato AA, to ko ɗaya kwanon ja biyu ne, ja da ja ba za su taɓa haɗuwa ba. AA da SS duk 'ya'yansu AS ne, ba mai cutar ko ɗaya. Wanda ya iya ƙirgen ya san wa zai guje wa, ya kuma san wanda ba shi da dalilin gudu. Kuma lokacin gwajin ma a sake shi. Gwajin da aka yi bayan an kai lefe, an buga kati, an ɗinka anko, neman fitina ne kawai, don a lokacin ba mai sauraron lamba. A yi wa yara tun suna firamare, kowa ya tashi ya san nasa kamar yadda ya san sunan unguwarsu, tambayar ta zo a farkon zance kafin zuciya ta yi nisa.

Ƙanwata dai ba a yi auren ba. Ba na cewa wakena ne ya raba, don ta yi wata biyu ba ta gaishe ni da kyau, kuma ita ce da bakinta ta je ta gaya wa Hajiya ta haƙura. Abokina kuwa matarsa tana da ciki na huɗu. Da muka haɗu a wajen wata jana'iza kwanaki, muna dawowa daga maƙabarta ya rage tafiya har muka zama mu biyu a baya, ya ce, "Wai wannan ma ɗaya cikin huɗun ne, ko?" Na ce masa eh.